Geron da Ya Riga na Kowa Nuna

Har gobe ba zan manta da ranar da ogana ya same ni a kan suri ina kaɗa gwangwani ba, babu takalmi, murya ta dishe. Ku sababbin malaman gona da kuke ganina da furfura kuna zaton haka aka haife ni da wayo, to ku saurara.

Damina ta biyu ce da fara aikina. Gidanmu na Takur a Dutse, amma an tura ni wani ƙauye a yankin Taura. Aikin da aka ba ni shi ne gonar gwaji. Ga wanda bai sani ba, manomi ne zai ba da fili, mu mu ba shi iri da taki, ya bi yadda muka ce. In amfani ya nuna sai a tara maƙwabta su gani da idonsu. Irin da na riƙo a shekarar gero ne mai saurin nuna, yana riga na gargajiya da kusan mako uku.

Na zaɓi Baba Sale, dattijo mai gona ɗaya tal a bayan gari. Da ita yake ciyar da gidansa: shi da matarsa Iya Tabawa, da ɗansu Habu da nasa iyalin. Na zauna a zaurensa na yi ta zuba kamar rediyo. Da na gaji ya ce, "Malam, su wa da wa za su shuka irin nan bana?"

Na ce, "Ku kaɗai, Baba. Ku na zaɓa a duk garin nan."

"Mu kaɗai?" Ya shafa gemu. Na nemi gonar gaba ɗaya, ya ce rabi zai bayar, domin rumbunsu kan ƙare tun gero bai nuna ba, yana so ya ga ko wannan zai rufa musu asiri. Na karɓi rabin ina ƙunƙuni a zuci. Ban tsaya na lissafa cewa rabin abincinsu na shekara ya ɗora a kan maganata ba.

Ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, gari duka ya fita gona rana ɗaya. Habu na gaba yana sara da sungumi, Iya Tabawa na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, ni kuwa ina bin su da igiyar awo. Iya ta kalli takalmina mai sheƙi ta ce, "Ɗan nan, ango ne kai ko malamin gona?"

Na ji daɗin daminar nan ƙwarai. Aka yi noman fari, aka yi maimai. Da hantsi matar Habu ta kawo fura, mu zauna gindin tsamiya, wani lokaci har da kwaɗon rama. Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni dariya: Iya Tabawa ta kama tara gwangwanaye. Na madara, na tumatir, duk wanda ta gani a hanya sai ta tsinta ta jefa a wani tsohon buhu. Na taɓa tsokanarta na ce ko sana'ar gwangwan za ta fara. Ta ce, "Naka ne, ajiya nake maka."

Gerona ya fitar da kai tun na maƙwabta yana ganye. Kai, na yi fankama! Na rubuta rahoto, na gayyaci ogana, shugaban shiyyarmu, ya zo ranar Alhamis ta sama ya ga abin da yaronsa ya yi. Kwana biyu da aika takardar, ina karyawa da safe, Habu ya bugo waya. Ya ce, "Malam, ka taho, baƙinka sun iso."

Na hau babur ina zaton manoma ne suka zo kallo. Tun daga nesa na hango abu kamar hayaƙi yana tashi yana sauka a kan gonar. Jan baki ne, tsuntsayen nan ƙanana masu cin hatsi, kuma a duk faɗin karkarar babu ƙwayar da ta ƙosa sai tamu.

Baba Sale na tsaye a bakin gona, ko a jikinsa. Ya ce, "Ka ga, Malam, abin da ya sa muke shuka da ruwa ɗaya ke nan. In geron gari ya nuna tare, tsuntsu ya ci nan ya ci can, kowa ya ba da kaɗan, ba wanda zai ji a jikinsa. Kai kuwa ka dafa musu tuwo a gida ɗaya." Iya Tabawa ta dire buhun nan a gabana ta ce, "Ga ajiyarka. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Muka zuba tsakuwa a gwangwanayen, muka ɗaure su a igiyoyi, muka ja daga wannan gefe zuwa wancan. In ka fizgi igiya ɗaya sai gonar duka ta ɗauki ƙara. Aka raba gadi: Habu gabas da majajjawa, Baba da Iya kudu, ni aka ba ni surin da ke tsakiya. Daga fitowar rana har faɗuwarta muna ihu. Na ɗauko tabarmata na tare a zauren Baba, don ban ga fuskar da zan kwana a gida da ita ba.

A haka Alhamis ta zo, ni na ma manta. Sai ga oga yana ratso gero da babbar riga, ya tsaya yana kallona a kan suri.

"Wannan ne sabon tsarin da ka rubuto mini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne kashi na biyu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaya gona nawa na ba irin. Da na ce ɗaya, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Da ka tambayi mai gonar." Ya naɗe hannun riga ya karɓi igiya ɗaya, bai tafi ba sai bayan la'asar.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Tsuntsu ya ci nasa, wajen kashi ɗaya cikin uku, muka girbe sauran. Ranar da aka kai dammunan gida na leƙa rumbun Baba, babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. A daren Iya ta tuƙa tuwon sabon gero, ta aika wa maƙwabta da kwano-kwano. Kafin mako ya zagayo mutum bakwai sun zo neman irin. Da damina ta dawo, duk gonakin bayan gari suka shuka shi rana ɗaya, ba wanda ya sake kaɗa gwangwani.

Ranar da na naɗe tabarmata zan koma gida bayan girbin farkon nan, na ce, "Baba, kun san haka za ta faru tun ranar farko. Me ya hana ku faɗa mini?"

Ya ce, "Ai na tambaye ka su wa za su shuka, ka ba ni amsa. Jira nake ka tambaye ni abin da ya sa na tambaya, har yau ba ka tambaya ba."

Abin da na koya ke nan, shi kuma nake bar muku. Manomin ƙasar nan ba zai ce wa baƙo ka yi kuskure ba, kunya ba za ta bar shi ba. Tambaya ɗaya zai yi maka, a hankali, kamar ba komai. In ya yi ta, ajiye takardarka ka ce, "Baba, me kuka gani?" Gwangwani ɗaya daga cikin na Iya Tabawa yana kan teburina a ofis har yanzu, shi ne wanda kuke gani ina zuba biro a ciki.