Rumfar Darbejiya a Ƙofar Taubashina

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, akwai wani al'amari da ba na jin zai fita daga raina har a sa ni a kabari.

A shekarun nan ne da tsada ta danne kowa. Siminti da kwanon rufi sun fi ƙarfin talaka, giginyar da ake fasa azara kuwa an sare ta kaf a yankinmu na wajen Minjibir. A wata damina rufin zaurena ya rufta, zauren da magidanta suke ɗaukar karatun fiƙihu bayan la'asar tun zamanin mahaifina. Muka koma gindin katanga, da hadari ya taso sai kowa ya naɗe buzunsa.

Da kaka sai ga ɗaliban jami'a masu koyon zanen gine-gine, maza da mata, da zarto da igiyar awo. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, rumfa muke so mu yi maka da itacen darbejiya, ba ƙusa, ba siminti. Duk bishiyar da muka sare za mu dasa wasu a madadinta. Gwaji ne muke yi."

Kalmar gwaji ta tsaya mini a rai. Na ce, "Samari, rayukan Musulmi amana ne, ba a gwaji a kansu." Na sa musu albarka na sallame su.

Ba su yi nisa ba. Gidan da ke kallon nawa na taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, wani Alhaji mai fataucin hatsi a Dawanau, wanda iliminsa bai wuce na salla ba. Ya ce musu, "Ku gwada a ƙofata. In ta faɗi ma, uwargida ta sami itacen girki."

Ina zaune ina kallo suka ɗora ginshiƙai a kan duwatsu don kada gara ta hau, suka fafe bakin kowane katako ya shige cikin ɗan'uwansa, suka danne da turakun itace. Sannan suka jibga buhunan yashi a sama, kowa ya ja baya. Rumfar farko ta yi ƙara ta zube, suka kwashe da dariya, wata daga cikinsu ta tsuguna tana duba inda ya karye. Suka sake yin ta da tokare a gicciye, suka ƙara yashi, ko motsi ba ta yi ba. A nan na gane ashe da yashi ake gwajin, ba da mutane ba. Kafin in aika a kira su, hutunsu ya ƙare sun koma makaranta.

Malamai sun rarrabe tsakanin hassada da gibɗa: ta farko fatan ni'ima ta bar mai ita, ta biyu fatan samun irinta. Na sha karantar da wannan babi, amma ban san siririn zaren da ke tsakaninsu ba sai a lokacin. Kullum na ɗaga ido sai in ga taubashina a kishingiɗe a inuwar da ni aka fara kawo wa, yana ɓare gyaɗa, yana cewa, "Malam, a shigo a sha inuwar gwaji mana!"

Damina ta dawo, almajiraina magidanta suka fara raguwa. Wata rana ruwa ya tsuge muna tsakiyar darasi, waɗanda suka rage suka ruga rumfar, suka bar ni ina rufe littafi da hannun riga. Na ga ko dai in tsallaka hanya, ko karatun gidanmu ya mutu a hannuna. Na tsallaka.

Alhaji ya ce, "Wa nake gani? Yau ilimi ya zo haya gidan jahilci?"

Na ce, "Aro dai."

Ya ce, "Na ba ka, amma a koma da ni babin tsarki."

Karatu ya rayu, har ya ƙaru. Sai dai har gobe mutane "karatun rumfar Alhaji" suke cewa, kuma duk sanda na ji sai na nemi tsari daga zuciyata. Na koyi cewa idan alheri ya yi sallama da kalmar da ba ka saba da ita ba, ka tambayi ma'anarta kafin ka ba da fatawa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya yi albarka ga mai karatu da iyalinsa, Ya sanya mu a inuwarSa ranar da babu wata inuwa. Amin.