Baƙona da hotunan ƙofofin Palladan

Shekarun baya, abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya taso tun daga Kalaba da 'yarsa, ta samu gurbin karatu a jami'a a nan Samaru. Ɗakunan makaranta sun cika, dole sai haya a gari. A gidana suka sauka. Ni kuwa, uban iyayi, na zaunar da shi na karanto masa dokoki: a yi ciniki da mai keke kafin a hau, ba kowane ruwan leda ake sha ba, ranar Juma'a a gama yawo kafin a tare hanya. Ya yi ta dariya, wai ko a filin jirgi ba a yi masa irin wannan huɗubar ba.

Washegari ina ofis, ya bar yarinyar wajen maiɗakina ya tafi unguwar Palladan, inda aka ce masa akwai ɗakuna. Duk gidan da ya yi masa sai ya ɗauki hoton ƙofar ya tura wa matarsa. Ba ya jin Hausa, sai ya wuce majalisar bakin layin bai ce musu komai ba. Yara suka biyo shi, ya sayi alawa ya raba musu. A garinsu wannan kirki ne.

Wata mai shago 'yar kudu ce ta kira ni da wayarsa, ta ce in zo yanzu, za a kashe baƙona. Na iske shi zaune a ƙasa, riga a yage, baki na jini, mutane sun yi masa zobe ana cewa ɓarawon yara ne. Mutumin da ya bar aikinsa ya ratso ƙasar nan don 'yarsa ta samu wurin kwana!

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai shi ya jawo. Baƙo ya shigo layi ba sallama, yana ɗaukar gidajen mutane?"

Na ce, "Baba, a cikinku wa ya tambaye shi abin da ya kawo shi?"

Mai unguwa ya zo, na yi bayani, ya ba da haƙuri. Waɗanda suka yi dukan kuwa tuni sun sulale, sauran suka koma cewa tsautsayi ne. Wannan kalmar ta fi dukan ƙona mini rai.

Tun daga nan, duk baƙon da ya sauka wajena sai na ƙara masa: ka gai da majalisa ko da ɗaga hannu ne, kar ka ɗauki ƙofar kowa sai ka tambaya, kar ka ba ɗan kowa komai, neman ɗaki kuma da ɗan gari ake yi. Ina faɗa ina jin haushi, don mu ke da dokokin, a cikinmu muka bar su, sannan mu daki wanda bai sani ba.

Shi kuwa abokina, na roƙe shi ya bar yarinyar a gidana, ta zauna da 'ya'yana har ta gama. Maiɗakina ma ta roƙa, yarinyar tana ta kuka. Bai yi musu ba, ya dai haɗa kayansu. A tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Ba fushi nake da kai ba, ɗan'uwa. Amma in tana garin nan ba zan iya barci ba."

Ya sa ta a mota suka koma. Gurbin karatun nan haka ya tafi.