Ruwan da Na Tara wa 'Yar Fari

Ko filin jirgin Kano ban taɓa takawa ba, amma akwai shekarar da in ka tare ni a hanya zan zayyana maka ƙasashen can gabashin duniya, in faɗa maka wacce ake ɗauke wa wuta, wacce kuma ruwan famfonta ba ya shawuwa. Shekarar da 'yata ta fari ta samu ciki a Malesiya ke nan.

Mijinta malamin jami'a ne. Karatu ya kai shi can, da ya gama suka riƙe shi yana koyarwa, ya zo aka ɗaura aure ya tafi da ita. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci hakkinsa ba. Sai dai irin mutanen nan ne da ko takalmi za su saya sai sun zagaye kasuwa sau uku, sun juya shi sun shinshina, sannan su ce bari su je su yi shawara.

A wajenmu haihuwar fari a gida ake yin ta. Yarinya ta dawo gaban uwarta tun ciki bai tsufa sosai ba, in ta sauka a yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, a dama mata kunun kanwa. Haka aka yi mini a gidanmu na Kibiya kafin a maido ni Rano. Wasu sukan bar wa goggo ko kaka wankan, ni kuwa tun ranar ɗaurin aurenta na ƙudurta da hannuna zan yi. Dalili, 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ko ranar da za ta tafi daga bakin ƙofar ɗaki na ce mata Allah ya kiyaye hanya. Ina son yarinyar nan kamar raina, kuma kwana arba'in ɗin nan ne kawai zan taɓa jikinta in tattale ta ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

Zuwa can kuwa babu shi a lissafi. Shekara uku ke nan Malam, maigidana, yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, kuma in ba daga hannuna ba ko koko ba ya karɓa. Kibiya da ke nan kusa ma ban ƙara kwana a cikinta ba tun da ya kwanta. Ko dai ita ta zo, ko kuma shi ke nan.

Cikin yana wata huɗu aikin surukina na can ya zo ƙarshe, wurare uku kuma suka neme shi: ya sabunta a Malesiya, ko ya koma wani babban birni a Indonesiya, ko wani tsibiri a ƙasar Filifin. Ni ba na magana da suruki gaba da gaba, don haka ƙanwata, autarmu da ke aure a Kibiya, ita ce bakina. Duk ranar kasuwar Rano sai ta shigo da hantsi, lokacin su can yamma ta yi, ta kira su a wayarta ta buɗe murya. Ni ina gefe ina tsince wake kamar ba ni ake yi dominta ba.

Nan fa zai fara karatu. Malesiya dai, in ji shi, tun da ya je bai ga an ɗauke wuta ba sai an sanar, ruwa kuma yana zuwa, illa sai sun tace kafin su sha. Birnin Indonesiya akwai wuta, amma ruwan sha sai na saye a manyan robobi, ga ambaliya in damina ta kankama. Tsibirin nan kuwa albashinsa ya fi tsoka, amma ana ɗauke wuta, in guguwar teku ta taso ma sai a yi kwanaki a duhu. Ƙanwata ta gaji ta katse shi.

"To ranka ya daɗe, duk mun ji. Maganar zuwa gida haihuwa fa?"

"Gaskiya Anti, in muna Malesiya ban ga dalilin wahalar da ita a jirgi ba. Amma in tsibirin na zaɓa, ba zan bar ta ta haihu a inda ake ɗauke wuta ba, gida zan turo ta."

Daga ranar na zama 'yar goyon bayan tsibiri. Allah ya yafe mini, uwa ce ni amma na zauna ina roƙon a jefa 'yata a ƙasar da ta fi kowacce lalacewar wuta. Na sa ƙanwata ta riƙa bincika mini labarinsu a waya. In ta ce an yi ambaliya a Indonesiya sai in ce oho, wannan ba ta isa ba. In ta ce Malesiya ma an yanke ruwa a wata unguwa kwana biyu sai in gyara zama in ce, "Kin gani ko? Daɗin baki ne kawai, ki tuna masa." Ran da rediyo ta ba da labarin guguwa a Filifin na ce innalillahi da ƙarfi, amma can ƙasan raina wani sanyi na ji. Sai da na tashi na yi alwala na yi istigfari.

Mu kuma a nan, tiransifomar unguwarmu ta ƙone tun kafin azumi, waya ma sai an kai shagon mai caji. Haihuwar za ta faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyar gidanmu take komawa taɓo, 'yan garuwa kuma sai ka bi su da roƙo kafin su juyo da kurar ruwansu layinku. Wankan jego ba wankan kofi ba ne. Babbar tukunya ake cikawa safe da yamma, ban da wankin jariri, ban da na Malam da shi ma kullum sai an yi. Na duba na ce ba za a kawo mini 'ya daga ƙasar famfo ta tarar da ni ina leƙen ƙofa ina jiran mai ruwa ba.

Sai na fara tari. Na sayo duro shida na jera su a inuwar katanga. Duk jarkar da ta shigo gidan sai na rage wani abu na juye a ciki. Na rage wankana, ruwan ɗaurayar kayan Malam shi nake wanke banɗaki da shi. Na sa aka sauke mini itace har ya kusa kai tagar ɗakin girki. Maƙwabta suka fara tsokanata wai ko gidan wanka zan buɗe, na ce eh, ku zo da soso. Wata biyu cur ina wannan fama, har duron ƙarshe ya cika fal. Da safe nakan fito in bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, don kawai in ji sautin cikarsu.

Ana nan sai labari ya zo, ya karɓi aikin tsibiri. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa a tsakar gida har Malam ya yi gyaran murya daga ɗaki. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na ce mata yau kiran bidiyo za a yi, a nuna wa mai zagaye kasuwa cewa mu ma ba a zaune muke ba.

Ta kira. Ga su nan su biyu a kan kujera, fanka tana juyawa a samansu, yarinyar ta yi haske ta ciko. Ƙanwata ta bi da wayar ta kan tulin itace, ta kan tukunya, ta zo kan duro. Ni da kaina na ɗaga murfin na farko, wanda ya fi daɗewa. Gansakuka ta yi kore a gefensa, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a sama. Na sha ganinsu, ban taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba, ruwan da za a tafasa har ya yi ƙara? Amma sai na ga surukina ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Anti," in ji shi a hankali, "wannan ruwan kwanansa nawa?"

Ban jira ƙanwata ba. Ni da ban taɓa amsa masa magana kai tsaye ba, ranar alfahari ya buɗe mini baki.

"Wata biyu. Kuma akwai biyar irinsa."

"Ikon Allah. Sannunku da ƙoƙari, Umma. Famfo ba ya zuwa ne?"

Ƙanwata ta yi dariya ta ce wane famfo. Ya tambayi wuta, ta ce rabonmu da ita tun kafin azumi. Na harare ta, amma ina, ta riga ta saki. Ya ƙara yi mana sannu har sau biyu. Yarinyar dai kanta yana ƙasa tana murza gefen mayafinta.

Bayan kwana uku ƙanwata ta hawo babur daga Kibiya, ba ranar kasuwa ba. Tun daga yadda ta yi sallama na gane.

"Yaya, ya roƙi mutanen tsibirin sun ɗaga masa fara aiki. A Malesiya za ta haihu."

"Ba shi ya ce gida zai turo ta ba?"

"Ya ce bai san haka abin ya koma ba. Wai tsibirin ma, in ba guguwa aka yi ba, in aka ɗauke wuta da safe ana dawo da ita kafin yamma."

Na zauna a kan turmi. Wata da watanni ina auna ƙasashe uku, na san ruwan wannan na san wutar waccan, bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa Rano ma za a ɗora ta a sikelin. Kuma ni da hannuna na ɗaga murfin. Na balbale ƙanwata da faɗa, na ce bakinta ba ya da linzami. Ta ce, "Yaya, ni na ce ki buɗe duro?" Na shige ɗaki na yi kuka na gode Allah.

Washegari yarinyar ta kira ita kaɗai, a ƙaramar wayata. Muka gaisa, ta tambayi jikin babanta. Sannan ta ce, "Umma, in kin ce in zo, zan gaya masa, zan zo."

Kalma biyu ce, ki zo. Tana nan a kan harshena. Amma uwa ta buɗe baki ta ce tana son 'yar fari a kusa da ita, har ta raba ta da shawarar mijinta? In kuma ta zo wani abu ya same ta ko jaririn, da wane ido zan kalle shi? Na ji bakina yana cewa, "Ke dai ki bi abin da mijinki ya ce. Albarka ake nema." Ta ce to. Ta daɗe ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba.

Ta sauka lafiya, mace. Kwana uku da haihuwar ƙanwata ta zo muka kira bidiyo. Yarinyar tana zaune an naɗe mata ciki da dogon zane tamau, fuskarta tana sheƙi da gumi. A bayanta ga wata dattijuwa 'yar ƙasar, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da ɗan hijabinta, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, hannayen a jiƙe.

"Umma, maƙwabciyarmu ce. Ashe su ma suna yi, da ruwan zafi da ganye, har kwana arba'in da ɗoriya. Ita take yi mini safe da yamma."

Matar ta matso ta yi mini sallama, na amsa. Na yi murna, wallahi na yi murna, ba a bar mini 'ya da ɗanyen jiki ba. Na kuma ji kishin matar nan har cikin haƙorana. Na ce, "Ki gaya mata ta riƙa danna miki ƙugu da kyau, nan ne yake riƙe ciwo." Yarinyar ta juya ta faɗa mata da yarensu. Matar ta yi dariya, ta dafa kafaɗarta, ta gyara mata ɗankwali, ta ce wani abu mai ɗan tsawo.

"Ta ce ta sani, 'ya'yanta huɗu ta yi wa. Ta ce in gaya miki kar ki damu, ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni."

Na ce, "Madalla. Allah ya saka mata da alheri." Sannan na ce wa ƙanwata ta kashe haka nan, kar cajinta ya ƙare. Ta dubi wayar, ta dube ni. A cike take, da safen nan ta karɓo ta daga shago. Sai ta kashe.