Ƙwaryar Ayoyo a Yendi

Har yau, da furfurata, in na ga miyar ayoyo tana bin ludayi tana miƙewa, sai in kau da kai. Mutanen Arewa lalo suke ce wa ganyen. Ko me za a kira shi, a wurina majina ce aka sa wa gishiri.

A Salaga aka haife ni, a gidan fataken goro, bayan kasuwar garin ta mutu, sai rijiyoyi da labarin da. Tun ina ƙarama na ƙi jinin ganye. Inna ta yi iya yinta. Ta binne tsoka a ƙarƙashin miya, na tono na wanke a bakin randa. Ta ce mai cin ganye gashinta har gadon baya, na ce a aske ni. Ranar da ta toshe mini hanci ta ɗura, a zanenta na mayar mata da kayanta.

Da ciniki ya ƙi, Baba ya ɗora wa jakuna kaya, muka nufi Bawku da zama. Muka yada zango a Yendi, gidan Gwaggo, yayar Baba, mai auren mutumin garin. A can al'ada ce 'yar'uwar uba ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta riƙo, kuma in ta miƙa hannu ba a hana ta.

Gwaggo ta ƙare mini kallo. Ta daɗe a Yendi har Hausarta ta daina raba mace da namiji.

"Wannan ne aka ce bai cin ganye?"

Inna ta ja ni bayan rumbu. "Hujja take nema. Za ta ce daga nan zuwa Bawku ba abinci sai ganyen bakin hanya, ba za ki kai ba, ta riƙe ki. Duk abin da ta ba ki, ki cinye."

Aka kawo tuwo da ayoyo a ƙwarya. Wayyo Allah! Kanwa ta yi yawa har miyar ta yi baƙi, warin daddawa ya tare ƙofa, ga kan busasshen kifi yana kallona. Gwaggo ta tsamo ƙuda da yatsa, ta lashe yatsar. Na gutsuri tuwo na tsoma, miyar ta biyo ni har baki ba ta tsinke ba. Tana sulɓewa a maƙogwaro tana dawowa, ina sake haɗiyewa. Hawaye da majina suka haɗu da ita, na kasa bambanta su. Ina kallon ƙafar Inna ina turawa, har na suɗe ƙwaryar.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ashe ƙarya ake masa! Da na ce babansa ya wuce da abinsa, ni ban iya rainon mai zaɓen abinci. A sauke kayansa."

Inna ta sauke ƙunshin kayana daga kan jaki. Matar ƙani ba ta da baki a wannan magana. Da safe jakuna suka tashi, ni kuwa ina bayan rumbu ina amai.

Ayoyo na ci a gidan nan kusan kullum, har na yi tsawo. Sai da na zama budurwa Baba ya aiko aka kai ni Bawku. Na tarar da ƙanne da ban sani ba. A kasuwa ɗaya daga cikinsu ta nuna tarin ayoyo a tallan wata Bakusasiya, 'yar ƙabilar yankin, ta tambaye ni ko abincin awaki ne.

Na ba Inna labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ina za ta san shi?" in ji ta. "Tun daga Yendi bai sake shiga tukunyata ba. Kuma ban ƙara ce wa ɗan da na haifa ya cinye ba."