Tsohon da ya ce butik ɗin nasa ne

Na rako maƙwabcina kotu nan Tawa, muna jiran a kira shi, sai aka shigo da wani tsoho ɗan Bambeye, ya sha rawani tsaf. Wai karo na uku ke nan ana kama shi da sukari da ganyen shayi a butik ɗaya, wato kanti. Tunda ya maimaita, maganar gidan kaso ake yi.

Ni dai na ƙura masa ido, don bai yi mini kama da ɓarawo ba.

Lauyarsa, wata matashiya, ta nemi izinin alƙali ta yi masa tambaya.

"Baba, butik ɗin nan na wane ne?"

"Nawa na mana, ɗiyata. Ni na gina shi. Yaron da ke ciki dai bai da ladabi, in na ɗauki shayin baƙina sai ya hau kururuwa."

Ashe da gaske nasa ne a da, ya daɗe da sayarwa, tsufa ya shafe masa wannan. Lauyar ta gano haka ne da ta je unguwar ta tambayi dattawa.

Alƙali ya ce likita ya duba shi, ya kuma damƙa shi hannun ɗiyarsa ta cikinsa da ta zo kotun. Mai butik ɗin ya sunkuyar da kai.

Har yanzu ina mamakin yadda aka kama shi sau biyu a baya ba wanda ya tambaye shi dalili. Ku kun taɓa ganin irin wannan?