Rijiyar Gas ta Abbanmu

Ko da zan manta duk abin da ya faru a gidanmu na unguwar Shisha a ƙasa mai tsarki, ba zan manta rijiyar gas ta Abba ba. Ina aji biyar lokacin, kuma don kunya ko sunana baƙo ya tambaya sai na ɓuya bayan Umma.

Baffa, yayan Abba, ya zo Umara daga ƙauyenmu ya sauka wajenmu. Kwanansa biyu ya leƙa kicin, ya tsaya yana kallon murhu. Ya bi tiyon da ido har inda ya shige wata kafa a bango.

"Wannan ina ya nufa?"

Abba akwai tsokana. Ko murmushi bai yi ba ya ce, "Rijiya, Yaya. Ƙasar nan duk inda ka haƙa gas ne. Kai tsaye yake hawo mana."

Umma ta juya baya tana danne dariya. Ni kuwa na san rijiyar sarai. Dabba ce, wato tukunyar gas, a baranda bayan injin wanki. Ni ake aikawa in buɗe ta, don ni kaɗai nake iya ratsa lungun.

Kowa ya manta da zancen, ban da Baffa. Na lura yana auna tiyon da taƙi, yana zane a bayan ambulan. Ranar Laraba ina zaune a matakala ina hadda, na ji shi yana waya da babban ɗansa: a nemo masu haƙa rijiya, a kai bijimi kasuwar Juma'a. "Idon uwarku ya gaji da hayaƙin itace," in ji shi.

Bijimin nan shi kaɗai ya rage masa. Sau biyu ina zuwa gaban Abba don in faɗa masa, kunya tana maido ni. Kuma in faɗi gaskiya, ina son ganin yadda Abba zai fita daga wannan magana.

Washegari bayan la'asar Umma ta ɗora shayi. Na sulale baranda na murɗe kan dabbar. Wutar ta yi fat-fat ta mutu.

Baffa ya taso daga falo. "Subhanallahi, rijiyar ta ƙafe ne?"

Abba ya fara sosa ƙeya. "A'a, wani lokaci tana ɗan hutawa."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na kama bakin rigar Baffa na ce, "Baffa, zo ka gan ta."

Ya daɗe yana leƙen lungun. Ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa, sannan ya juyo a hankali.

"Ƙanena, ashe rijiyar taka har hannun ɗauka gare ta."

Na ce ƙasa-ƙasa, "Baffa, bijimin."

"Wane bijimi?" in ji Abba. Da ya ji bayani dariya ta ɗauke masa. Da wayarsa aka kira gida. An riga an ɗaure bijimin don sammako, aka kwance shi.

Da Abba ya zo canza tukunyar ya ji ta da nauyi, ya taɓa kan ya ji a rufe. Ya kalle ni, na kalli ƙafafuna. "Khalas, ya binti," kawai ya ce, wato shi ke nan, 'yata. Kafin Baffa ya koma, Abba ya sa an kai wa matar Baffan murhu da tukunya. Har yau in sun yi waya, gaisuwar Baffa ita ce, "Ya ruwan rijiya?"

Tun ranar na san wasan da ka yi a kicin, wani na iya kai bijiminsa kasuwa a kansa. Na kuma san in baki ya ƙi buɗuwa, hannu na iya faɗin gaskiya.