Wata Bakwai Rauda Ba Ta Je Ba

Rauda mai wagashi ce, wato cukun nono, a unguwar Guéma ta Parakou, kuma mace ce mai riƙo. A Djougou aka haife ta, aure ya kawo ta Parakou. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ita kaɗai ta yi jinyarta shekara biyu. Yayarta Naja'atu, da ke aure a Bariénou kusa da Djougou, sau uku kacal ta leƙo.

Bayan shekara goma sha ɗaya sai labari ya zo cewa ɓarin jikin Naja'atu ya shanye. Mijinta ya rasu, 'ya'yan suna Kwatano. Rauda ta ce, "Alhaki kwikwiyo ne," ta ci gaba da yanka wagashinta. Duk wanda ya yi mata jaje, abin da take faɗa masa ke nan.

Wata safiya ta faɗi haka ga Metir Mahamadu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke sayen wagashi a wurinta, mutum mai yawan karance-karance. Ya ce, "Hajiya, akwai masu wata falsafa da nake karantawa, suna kiran wannan karma, wato kowa ya girbi abin da ya shuka. Amma sun ce wanda ya ga mai girbin wahala ya naɗe hannu, shi ma shuka yake yi. Nata tsakaninta da Allah ne. Ke kuma ƙanwarta ce."

Rauda ta miƙa masa ledarsa. Kwana huɗu maganar tana cin ta, ran na biyar ta shiga motar Djougou, daga can ta hau babur zuwa Bariénou.

Ta tarar da wata tsohuwa Bayoma, 'yar ƙabilar yankin, wadda ko salla ba ta yi, tana goge wa Naja'atu jiki da ruwan ɗumi. Wata bakwai ke nan tana yi. Matar ta ɗago ta tambaye ta da harshen Dendi, "Baƙuwa, wa kike nema?"

Naja'atu ce ta amsa da karkataccen bakinta, "Autarmu ce. Ba na ce miki za ta zo ba?"

Rauda ta durƙusa ta karɓi tsumman, ta kasa haɗa ido da kowa.

"Yaya, ki yafe mini."

"Matso da kyau, bayan ne ke mini ƙaiƙayi."

Rauda ta ɗauko ta zuwa Parakou, ta yi jinyarta wata goma sha huɗu har Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa tambayarta abin da ya hana ta zuwa jinyar Inna ba. Mutanen unguwa suna yabon Rauda da zumunci, ita kuwa in aka fara sai ta sunkuyar da kai ta ce a bar maganar. Duk Salla takan aika wa tsohuwar Bariénou turmin atamfa, amma har yau kunya ba ta bar ta ta kai da kanta ba.